Kalambaina, ƙauyen da Sakkwato ta cim masa

Zuwa Kalambaina daga cikin Sakkwato ba ya buƙatar shiga tasha. Kabu-kabu ko agwagwa da buje, wato keke mai ƙafa uku, sun isa, kuma sammako ya fi, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40. Daga Runjin Sambo na tashi na nufi yamma, a kan titin da ke zarcewa har Wamakko. Adireshin masana'antar siminti da aka daɗe ana bugawa a takardu shi ne kilomita 10, Hanyar Kalambaina. Sa'ad da aka sa wannan adireshi, yawancin kilomita goman nan gonakin gero ne da ƴan ƙauyuka jefi-jefi. Yau da wuya ka nuna inda gini ya yanke. Gidajen mai ne, da shagunan kayan gini, da masu buga bulo, da katangun fulotai da ba a kai ga ginawa ba, sai manyan motoci jere a gefen titi suna jiran lodi.

Kafin a gane nisan da birnin ya yi, sai an tuna inda ya tsaya a da. Muhammadu Bello ne ya gina Sakkwato a 1809, Shehu Usmanu ya taso daga Sifawa ya zauna cikinta a 1815, a nan kuma Allah ya yi masa rasuwa a 1817. Birni a lokacin shi ne abin da ke cikin ƙofofi: Rini, Kware, Marke, Dundaye, Kade, Taramniya, Aliyu Jedo da Atiku. Abin da ke bayan ganuwa ƙauye ne, runji ko tunga ko gidan gona, masu kai wa birni hatsi da itace da nono, su kwaso taki a kan jakuna su komo. Turawa da suka ci garin a watan Maris na 1903 a wajen ganuwa suka kafa unguwarsu. Amma babbar faɗaɗa ta zo ne bayan 1967, da Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma, aka kafa jami'a a 1975, aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato a 1976. Ma'aikata suka yawaita, kowa na neman inda zai kafa gida. Runjin Sambo, Mabera, Gwiwa, Arkilla, ɗaya bayan ɗaya suka koma unguwanni. Kalambaina ta fi su nisa, sai dai tana da abin da ba su da shi: dutsen da ke ƙarƙashinta ya jawo mata titi da baƙi tun birni bai ko kusa isowa ba.

A takarda, har gobe Kalambaina ba ta cikin Sakkwato ta Arewa ko Sakkwato ta Kudu. Tana Ƙaramar Hukumar Wamakko, mazaɓar Kalambaina da Girabshi, kamar yadda Arkilla da Bado da Dundaye duk na Wamakko ne. A wannan ƙaramar hukuma ake da Baraden Wamakko da Sarkin Adar na Dundaye, dukansu cikin masu zaɓen Sarkin Musulmi, abin da ke nuna cewa ƙasar nan ta daɗe da tsarinta da manyanta. Mai zama a nan yau a birni yake aiki, a birni yake cefane, amma takardar shaidar ƙaramar hukuma sai ya je Wamakko, rikicin iyakar gona kuma gaban hakimi ko uban ƙasa ake fara kai shi.

Masu karanta tarihin jihadi kada su haɗa ta da Kalambainar da mabiyan Abdussalami, malamin da ya yi wa Sakkwato bore, suka taru a cikinta bayan faɗuwar garinsa Kware a 1818, inda Sarkin Musulmi Bello ya kai wa baffansa Abdullahi ɗauki har suka daidaita tsakaninsu. Waccan ta ƙasar Gwandu ce. Wannan da muke magana a kanta ƙauyen noma ce a kan tudu, kusa da fadamar da ruwan Rima da na gulbin Sakkwato ke bi bayan sun haɗu, su nufi Argungu.

Na sauka kafin a kai ƙofar masana'anta, na bi wata hanyar ƙasa da ruwa ya zaizaye gefenta. A irin wannan yanka ake ganin yadda ƙasar take jere. Sama akwai jar ƙasa da marmara. Ƙarƙashinta laka mai launin toka, sannan farin dutse mai ɗan taushi da ke barin gari a hannu. Wannan shi ne dutsen farar ƙasa, kuma masana duwatsu da sunan ƙauyen nan suke kiran shimfiɗarsa ko'ina ta ɓullo a ƙasar Sakkwato, domin ramin haƙar masana'antar ne wurin da aka fi ganinta sarai. Shimfiɗar da ke ƙarƙashinta sun ba ta sunan Dange, ta samanta kuma Gamba. Dutsen ya taru ne kimanin shekara miliyan 55 zuwa 60 da suka wuce, a ƙasan wata teku marar zurfi da ta ratso Sahara ta Mali da Nijar. Idan ka fasa ɓarɓashinsa da haƙuri za ka ga kwanson katantanwa da na wasu halittun ruwa sun zama dutse. A wasu rijiyoyin burtsatse kaurinsa ya wuce mita 20.

Tun kafin a san amfaninsa a siminti, dutsen nan yana yi wa mazauna wurin aiki. Yana da tsage-tsage da ramuka, ruwan sama yana shiga ya zauna. Lakar Dange da ke ƙarƙashi ba ta barin ruwan ya zurara ƙasa, don haka rijiyar hannu tana iya cim masa, a wasu wuraren ma yana ɓuɓɓugowa da kansa a gindin tudu. Tafkin Kware daga irin wannan maɓuɓɓuga yake sha. A ƙasar da ruwan sama bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 a shekara ba, kuma kusan duk tsakanin Yuni da Satumba, ƙauye yana zama ne inda rijiya ba ta ƙafewa da rani. Ruwan yana da nauyi: sabulu ba ya saurin kumfa, buta da tukunya suna yin farin ɓawo a ciki. Wanda yake son ruwa mai yawa da ba ya ja da baya a watan Afrilu sai ya huda lakar ya kai ga yashin da ke can ƙasa, kuma kuɗin wannan haƙa ya ninka na rijiyar sama.

Gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna Ahmadu Bello ce ta kafa Kamfanin Siminti na Arewacin Nijeriya a 1962, ya fara fitar da siminti a 1967 da ƙarfin tan 100,000 a shekara. A 1985 aka buɗe sabon layi mai tan 500,000. An sayar da hannun jarin gwamnati a 2000, daga baya kamfanin ya koma hannun BUA, wanda ya ƙara layi mai tan miliyan 1.5 a 2018, da wani mai tan miliyan 3 a watan Janairu na 2022. Tan ɗaya buhu 20 ne na kilo 50, tirela mai tan 30 kuma buhu 600 take ɗauka. Layin tan miliyan 3 kaɗai, idan yana aiki cikakke, lodin irin wannan tirela 100,000 ke nan a shekara, wato sama da 270 kowace rana. Wanda ya yi wannan lissafi ba zai yi mamakin layin motocin da ya wuce a hanya ba.

Aikin kansa ba ɓoyayye ba ne. Ana kwashe jar ƙasar sama, a haƙo dutsen, a farfasa shi, a haɗa da laka da ɗan abin da ke da ƙarfe a ciki, dutsen farar ƙasa yana kusan kashi huɗu cikin biyar. A niƙa ya zama gari, a tura cikin doguwar tanderu mai juyawa da zafinta ke kai digiri 1,450. Abin da ke fitowa dunƙule-dunƙule shi ake kira kilinka. A sake niƙa shi da jifsam kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, domin idan babu jifsam siminti zai daskare tun magini bai gama kwaɓawa ba. Kafin a samu tan ɗaya na kilinka sai an ƙona kusan tan ɗaya da rabi na ɗanyen kaya. Daga ƙasar ƙauye ake ɗebo wannan kaya, shi ya sa duk ƙarin layi a masana'anta yake nufin ramin haƙa zai ƙara faɗi.

Ta fuska biyu ke nan ƙasar noma ta riƙa raguwa. Daga gabas birni yana tahowa da fulotai, daga ciki ramin dutse yana faɗaɗa. An tayar da wasu ƙananan ƙauyuka da ke kan dutsen aka sake musu matsuguni a wajen Girabshi. Ko'ina aka tayar da ƙauye, a nan ko a wani wuri, ma'aunin da ya kamata a duba ɗaya ne. Gida yana da sauƙin mayarwa: a ba mutum fuloti da kuɗin gini, cikin shekara ya shiga. Gona ita ce mai wuya, domin gonar karkara da aka shekara hamsin ana zuba mata taki ba daidai take da sabon fili mai faɗi ɗaya ba, kuma idan sabuwar gonar ta yi nisan da ba a iya zuwa da ƙafa a dawo kafin azahar, tsoho da ba shi da babur ya bar noma ke nan. A ganina duk yarjejeniyar tashi da ba ta faɗi inda za a yi noma, da inda za a yi kiwo, da inda za a binne mamaci ba, ba ta cika ba.

Sauran abin da ke jawo birni ya biyo baya da kansa. Ma'aikata suna son haya kusa da aiki. Direbobi da yaran mota suna son abinci da wurin kwana, sai masu shayi da masu tuwo da makanikai da masu faci suka kafa rumfuna. Gwamnatin jiha ta gina rukunin gidaje 500 a Kalambaina, kuma da zarar irin wannan rukuni ya samu titi da turakun wuta, gonakin da ke kewaye da shi sun tashi daga lissafin dami sun koma lissafin fuloti.

Abin da ya fi kawo ni shi ne tsohon garin, kuma yana nan ga mai son ganinsa. Idan ka bar kwalta ka ratsa sababbin layuka masu miƙewa sambal, za ka iso inda hanya ta fara lanƙwasa ta ƙuntata, mota ba ta shiga sai babur da amalanke. Lungun ƙauye ba a zana shi da igiya ba. Gida ne ke tsirowa jikin gida idan ɗa ya yi aure aka yanka masa sashe, hanya kuma ta bi inda aka bar mata. Ƙasan wurin ya ɗan fi kewaye tudu, saboda shekara da shekaru ana rushe ginin laka ana sake wani a kansa. Za ka ga zaure yana kallon hanya, da dakali a gabansa. Za ka ga katangar laka da aka yi wa gyara da bulo daga sama, da rufewar hatsi a tsakar gida an ɗora ta kan duwatsu don gara da damshi, wata da hular ciyawa, wata an kife mata tsohon kwano. Turken awaki da tumaki yana nan, jajayen awakin nan na Sakkwato da fatarsu ta yi suna tun zamanin fatake. Masallacin da ya fi tsufa yawanci ƙarami ne, a tsakiya, kusa da gidan mai gari, ko da an gina babba a bakin titi.

Itatuwa ma suna ba da labari. Dogon yaro na zamani ne, shi ake dasawa a ƙofar sabon gida. Kuka da tsamiya suna nuna tsohon mazauni ko tsohuwar kasuwa. Gawo kuwa itacen gona ne: manomi yana barinsa domin yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, ƙasar gindinsa kuma ta fi albarka. Duk inda ka ga gawo tsaye a tsakiyar layi, katanga ta kewaye shi, a gona kake tsaye. Na bi irin waɗannan itatuwa na iya kwatanta inda gonakin suka fara daga bayan gari.

Baƙo ba ya kutsa tsohon gari da ɗaukar hoto. Sai ka tsaya a dakali ka yi sallama: “Baba, ina kwana, an tashi lahiya?” Ka faɗi daga inda kake da abin da ya kawo ka, ka nemi a kai ka ga mai unguwa ko hakimi. A can “Ranka ya daɗe” ce gaisuwa, takalmi a waje. Maganar da za ka yi ta ji a bakin dattawa, suna nuna gidajen bulo da sanda, ita ce: “Wanga wuri duk gona ta, nan munka tashi muna noma.” Idan ka yi haƙuri ka zauna, za su jera maka gonakin da sunayen masu su, da wanda ya gada, da wanda ya sayar. Wannan sani bai shiga takarda ba, kuma shi ne abin da mai sayen fili ya fi buƙata.

Ga yadda gona ke zama unguwa. Mai gona ya rasu, magada sun yi yawa, kason kowa bai isa noma ba. Dillali ya zo da tayi, ko wani mai kuɗi ya saye gonar dunƙule ya kira mai awo ya yanka. Fulotin da aka saba shi ne ƙafa 50 da 100, wato kusan mita 15 da 30. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Idan aka fitar da kusan kashi 30 cikin ɗari don hanyoyi da magudanar ruwa, fuloti 15 ko kusa da haka za a samu. Wanda ya fitar da 20 daga hekta ɗaya, daga hanya ya ci. Layin da ya kamata ya kai mita 9 ko 12 sai ya koma mita 4, babu wurin kwalbati, babu inda motar kashe gobara ko tankar ruwa za ta juya, kuma ba a gyara wannan bayan an yi gini sai da rusau. Kowane mai gona kuma yana yanka tasa ba tare da duba ta maƙwabci ba, shi ya sa za ka bi layi mai kyau ka tarar ya mutu a jikin katangar wani.

Rikicin da ya fi yawa daga gado yake tasowa. Gona ba ta sayuwa sai an raba ta, ko kuma duk magada sun yarda. Matar mamaci tana da tumuni idan akwai ƴaƴa, namiji yana da rabon mata biyu, kuma ƴaƴa mata da ke aure a wani gari da marayu ƙanana suna da haƙƙinsu ko ba su zo wurin ciniki ba. Babban wa ya sayar shi kaɗai, bayan shekara goma ƙanwa ta kai ƙara kotun shari'a, mai saye ya riga ya yi rufi. Na biyu shi ne gonar aro ko ta jingina: wanda ke nomanta shekara talatin ba lallai shi ne mai ita ba. Na uku sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu, abin da ke faruwa idan mai saye ya biya ya tafi bai kafa ko turaku ba. Maganin duka ukun a bayyane yake, sai dai gaggawa ke hana mutane bi. A tambayi maƙwabtan gona na kusurwa huɗu. A ga takardar rabon gado. A rubuta takardar ciniki da shaidu daga ɓangarorin biyu da sa hannun mai unguwa da hakimi. A kafa duwatsun iyaka na kankare a ranar, gaban kowa. Sannan a je ma'aikatar filaye a bincika ko wurin yana cikin wani shiri na gwamnati, kafin a biya kuɗi duka.

Wannan mataki na ƙarshe shi mutane suka fi tsallakewa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A yankin da aka ayyana birni, gwamna ke ba da takardar mallaka, a karkara kuwa ƙaramar hukuma ke ba da izinin zama na gargajiya. Ƙauye irin Kalambaina yana tsakanin biyun: mutane suna ciniki da tsarin ƙauye a kan ƙasar da hukuma ke kallo da idon birni. Sa hannun hakimi shaida ce mai ƙarfi cewa an yi ciniki, amma ba ta tsaya a madadin takardar gwamnati ba. Idan kuma gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta abin da ke kan ƙasa ce, gini da amfanin gona da itatuwa masu amfani. Manomin gero da aka zo wa da rani, gonarsa fayau babu ko kara, shi ya fi kowa asara. Saboda haka ranar ƙidayar diyya mai gona ya tsaya da kansa, a ƙirga kowace kuka da mangwaro da rijiya da shinge, a rubuta gabansa, ya karɓi kwafi.

Abin da ya fi ci mini rai a zagayen shi ne filayen da ba na kowa ba, domin su suke fara ɓacewa. Burtalin da shanu ke bi daga tudu zuwa mashaya a fadama ba shi da magajin da zai kai ƙara. Mai gonar dama ya ci taku biyu, na hagu ya ci taku biyu, mai fuloti ya zo ya ja katanga, shi ke nan garke sai ya hau kwalta ko ya ratsa gonar wani, daga nan faɗa ya tashi. Haka filin idi, haka hurumin bayan gari, haka gefen maƙabarta. Maƙabartar da aka yanka wa ƙauye mai gida ɗari yanzu unguwa mai gida dubbai take ɗauka. Wadda aka kewaye da katanga ta tsira, wadda aka bari da shingen ƙaya ana gutsurarta kaɗan-kaɗan. Da jama'ar gari za su haɗa kuɗi su auna waɗannan wurare, su yi musu takarda da sunan al'umma tun dattawan da suka san iyaka suna raye, da sun yi wa jikokinsu babban aiki, kuma kuɗinsa bai kai na fuloti ɗaya ba.

Kududdufi ma haka. Ramin da aka ɗebi ƙasar gina ƙauye shi ne kuma inda ruwan damina ke taruwa. Idan fili ya yi tsada sai a cike shi da shara a sayar. Ruwan Agusta bai san an sayar ba, nan zai dawo, ya shiga ɗakuna. Ginin da aka ɗora kan cikon shara kuma yana nutsewa sashe-sashe, bango ya tsage daga kusurwar taga. Mai neman fili a nan ya zo kallonsa a watan Agusta bayan an yi ruwa mai ƙarfi, kada ya yanke shawara da ganin rani. Wajen tona harsashi, idan an tarar da lakar nan mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, a zurfafa har a samu ƙasa mai tauri, a ɗaure ginin da bim na ƙarfe. Kusancin masana'anta kuma ba ya gyara bulon da aka cuce shi: buhu ɗaya bai kamata ya wuce bulo 30 zuwa 35 na inci 9 ba, a yi masa ban-ruwa safe da yamma har mako guda. Wanda aka buga 50 a buhu aka shanya a ranar Sakkwato, da yatsa ake murje gefensa.

Akwai kuma matsalar da ba a gani da ido. A ƙauye rijiya tana dandali, masai yana can bayan gida, tsakaninsu da nisa. Ƙa'idar lafiya ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai. A fuloti mai mita 15 da 30, da maƙwabta ta kowane gefe kowa da raminsa, wannan tazara ba ta samuwa. Yashi yana tace ruwa a hankali, amma dutsen farar ƙasa mai tsaguwa yana barin ƙazanta ta bi ta wuce da sauri. Rijiyar da ta shayar da kakanni lafiya tana iya zama hanyar gudawa da taifot idan gidaje suka kewaye ta. Mai haƙa burtsatse a nan ya tabbata an sa bututu an toshe sashen sama da siminti har an wuce ruwan farko, a ɗaga bakin rijiya sama da ƙasa, a yi mata daɓe mai gangara. Tsohuwar rijiyar da aka daina sha kuma a rufe ta da murfi, kada a mai da ita juji, domin abin da aka zuba mata yana isa rijiyoyin maƙwabta.

Daga tsohon gari na gangara wajen fadama. Nan ne noma ya fi riƙe ƙarfinsa, saboda ambaliya ba ta barin a yi gini. Mutanen Sakkwato ba su manta da Satumbar 2010 ba, lokacin da ruwan Rima ya yanke hanyar zuwa mazaunin jami'a na dindindin. Da damina shinkafa ce, da rani albasa da tumatir da tattasai da alkama, ana ban-ruwa da ƙananan injuna daga rijiyoyin bututu marasa zurfi. Tun da aka gina madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato da ta Goronyo a kan Rima, lokacin zuwan ruwa da yawansa sun dogara har da yadda aka sake shi daga can, don haka manomin fadama yana sauraron sanarwa kamar yadda yake duban hadari. Gidan da ya sayar da gonar tudu amma ya riƙe ta fadama yana da abin dogaro, ga kasuwar birni a kusa, kayan miya ba sa kwana. Wanda ya sayar da duka biyun ya koma sayen gero da tiya, ƴaƴansa suna dako ko kabu-kabu ko gadi a gidajen da aka gina kan gonar kakansu. Kuɗin fuloti sau ɗaya ake karɓa, kuma a yawancin gidaje aure da gyaran ɗaki da kujerar Makka suke cinye shi cikin shekara biyu ko uku.

Yanzu cikon ƙasa ya fara sauka gefen fadamar ma. Tifa tana juye marmara a bakin gangare, ana ɗaga wuri kamu ɗaya ko biyu a ja katanga. Duk wurin da aka cike, ruwan da ya saba kwanciya a nan sai ya nemi gonar da ke kusa ko gidan da ya fi ƙasa. Manoman da ke wurin suna gane iyakar ambaliya da layin da ruwa ya bari a jikin itatuwa da turakun shinge, kuma wasu sababbin harsasai da na gani suna ƙasa da wannan layi.